Ko ɓawon gyada zai iya tace gubar dalma daga ruwa?

Tun bayan da gubar dalma ta hallaka yara fiye da 400 a jihar Zamfara a shekarar 2010, hankali ya ƙara karkata ga ƙarafa masu guba da ke gurɓata ruwa a arewacin Najeriya.

Tafasa ruwa ba ya kawar da dalma, kuma na'urorin tace ta na da tsada. Shi ya sa masana kimiyya ke gwada ɓawon gyada da totuwar masara da buntun shinkafa, waɗanda ba a rasa su a gonakin Dutsin-Ma da Kurfi bayan kaka.

Akan busar da su a niƙa, ko a mayar da su gawayi, sannan a zuba cikin gurɓataccen ruwa. Ƙarfen sai ya manne a jikin garin, a tace.

A ɗakunan gwaji dabarar na aiki. To sai dai kwalbar gwaji daban take da ruwan da manoman rani ke ja daga madatsar Zobe, balle dagwalon masana'antun jima na Challawa a Kano.

Babbar matsalar ita ce inda za a kai garin bayan ya sha guba. Idan aka watsar da shi a juji, akuya za ta kai masa baki, ko kuma manomi ya kwashe shi da taki, dalmar ta koma gona. Ko Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, ta ɗauki aikin, sai an tanadi wurin binne shi kafin a kai dabarar ƙauye.