Wa ke leƙa ƙarƙashin kadarko?

Zancenmu na wannan sati a kan wani abu ne da kowa ke takawa amma ba kowa ke dubawa ba, wato kadarko, ko gada kamar yadda maƙwabtanmu na kudu suka fi kiranta.

Ƙasar Madarunfa ƙasar ruwa ce. Gulbin Maraɗi yana shigowa daga Najeriya, ya ratsa gundumar, ya bi ta Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya koma inda ya fito. Gulbin Gabi kuma yana zuba a tafkin Madarunfa. Da rani yashi ne zalla, har yaro kan ƙetare shi da ƙafa, amma da damana sai ya tuna wa mutane ko shi wane ne. A 1945 ruwan wannan gulbi ya cinye tsohon garin Maraɗi, dole aka tashi daga fadama aka hau tudu. Saboda haka duk buhun wake ko na aya da ke nufin Jibiya ta hanyar Ɗan Isa, da kayan lambun Jiratawa, da majinyacin da za a kai asibitin Maraɗi, kowane sai ya bi ta kan wata gada ko wani bututun ruwa da aka binne a ƙarƙashin hanya. Kuma dukkansu da ƙarfe suke tsaye, wani a fili, wani a ɓoye cikin siminti.

To, ƙarfe yana tsufa, kuma abubuwa huɗu ke tsofar da shi. Na farko tsatsa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da zarar fenti ya ɓare, ko siminti ya yi ƴar tsaga, ruwa ya samu ƙofa. Tsatsa tana cin kaurin ƙarfe, kuma tana kumbura har ta fasa simintin da ke rufe da shi. Na biyu gajiya. Wanda ya taɓa karya waya da hannu ya san ba da ƙarfi ake karya ta ba, lanƙwasawa ake yi ana miƙewa har ta rabu. Haka kowace gingimari ke yi wa gada in ta wuce, kuma tsagar takan fara ne daga bakin walda ko ramin ƙusa. Injiniyoyi sun auna cewa in lanƙwasawar ta ninka biyu, kwanan waldar yakan koma kusan kashi ɗaya cikin takwas. Na uku zafi. Ƙarfe mai tsawon mita 100 yana ƙaruwa da milimita 12 duk lokacin da zafi ya hau da digiri 10, shi ya sa ake bar masa ɗan rata a bakin gada don ya miƙe. In yashin hunturu ya cike wannan rata, ƙarfen zai tura ginin da ke gabansa. Na huɗu kuwa, wanda ya fi shafarmu, shi ne ruwa mai gudu da ke kwashe yashi daga gindin ginshiƙi, ya bar shi a rataye alhali daga sama ba a ganin komai.

Ga abin da ya faru da waɗanda suka fi mu kuɗi da kayan aiki. A Amurka akwai wata gadar ƙarfe a kan kogin Ohayo, ana ce mata Silver Bridge, an buɗe ta a 1928. Ranar 15 ga Disamba 1967, da yamma, tana cike da motoci, sai ta rufta cikin kogi, mutum 46 suka rasu. Da aka yi bincike, sai aka tarar mafarin abin wata tsaga ce da zurfinta bai kai milimita 3 ba, a jikin ƙarfe guda ɗaya daga cikin sarƙar da ke riƙe da gadar. An gina ta don ƙananan motocin zamaninta, ta shekara 39 tana ɗaukar nauyin da ke ƙaruwa kullum. Wannan masifa ce ta sa a 1971 Amurka ta kafa ƙa'idar duba gadojin manyan hanyoyinta aƙalla sau ɗaya cikin shekara biyu, a kuma rubuta abin da aka gani.

Duk da haka, ranar 1 ga Agusta 2007 wata gadar ƙarfe ta faɗa cikin kogin Misisipi a birnin Miniyapolis, mutum 13 suka mutu. Faifan ƙarfen da ke haɗa sandunanta sun yi siriri tun daga zane, an yi ta ƙara mata nauyin siminti cikin shekaru, ranar kuma an jibge mata yashi da kayan gyara. A Faransa ma, ranar 18 ga Nuwamba 2019, wata mota mai nauyin sama da tan 50 ta hau gadar garin Mirepoix-sur-Tarn, wadda aka rubuta wa iyakar tan 19, gadar ta karye, rai biyu suka salwanta. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

A nan gida, wuta ta riga ta taɓa gemun. A watan Agusta na 2024 ruwa ya yanke hanya mai lamba 1 a wajen Sore, bakin Yamai, manyan motoci suka yi kwanaki a jere ba shiga ba fita. Ƴan kasuwar Maraɗi kuwa ba sai an gaya musu abin da rufewar hanya ke jawowa ba, domin sun ɗanɗana lokacin da aka rufe iyaka daga 2019 zuwa 2020, da kuma daga 2023 zuwa 2024. Iyaka dai da takarda ake buɗe ta cikin yini ɗaya. Gadar da ta karye sai an nemi kuɗi, an ba da kwangila, an jira gulbi ya ƙafe.

Me muke nema ke nan? Muna neman kowace gada ta gundumar Madarunfa, babba da ƙarama, ta samu littafinta kamar yadda jariri ke da katin awo. A rubuta shekarar da aka gina ta, da nauyin da aka yi ta dominsa, da ranar da aka duba ta, da sunan wanda ya duba. Duk ƙarshen damana ma'aikacin hanyoyi ya sauka daga mota ya shiga ƙarƙashi, ya ƙwanƙwasa siminti da guduma ya ji ko yana ƙarar holoƙo, ya kankare tsatsa ya auna kaurin da ya rage, ya zura sanda a gindin ginshiƙi, ya ɗauki hoto. Tsagar da aka gani bara a sa mata alama, a ga ko bana ta ƙaru. Bayan ƴan shekaru kuma a kawo ƙwararru da na'urar da ke jin tsagar da ido ba ya gani. Kwafin littafin ya zauna a ofishin magajin gari, domin ma'aikaci ana canza masa wurin aiki, gada kuwa tana nan inda take. Sharar yashi da shafa fenti ba sa jiran taimakon ƙasashen waje. Kuɗin hanya da direbobi ke biya ai don irin wannan aiki aka ce ana karɓarsu.

Ku kuma alhazanmu masu motoci, akwai naku kason. Tun 2005 ƙungiyar UEMOA ta kafa doka mai lamba 14, wadda ta tsaida nauyin tirela mai gatari shida a kan tan 51. Mun san lissafin da ke sa a ƙara buhu hamsin a kan lodi: man fetur da tsada, tsaye-tsayen hanya da yawa. Sai dai ribar ta mutum ɗaya ce, gajiyar ƙarfen kuwa ta kowa ce, kuma ranar da zai gaza ba lalle motar mai lodin ce a kai ba. Tana iya zama motar ƴan kasuwar ƙauye ce, ko amalanken manomi. Haka nan mai kwasar yashi a gindin ginshiƙi, da mai kwance ƙarfen gefen gada ya kai wa ƴan gwangwan, su san aikin gulbi suke taya shi. Masu gari da masunta da manoman fadama, waɗanda ke ganin ƙarƙashin gada kullum, in sun ga ƙarfe ya fito fili ko ƙasa ta zame, su kai magana ga hukuma, hukuma kuma ta rubuta.

Tsakanin ɗaukewar ruwa da zubarsa wata bakwai ne ko takwas, kuma a cikinsu ne kaɗai gulbi ke barin mutum ya tsaya a gindin ginshiƙi da ƙafarsa. Muna roƙon magabatan jihar Maraɗi da na ma'aikatar hanyoyi kada su bari wannan dama ta wuce. Allah ya kiyaye matafiya, ya kai mu sati mai zuwa lafiya.