Katin da ba ya neman lambar sirri

Makon jiya ina aikin dare, wata baiwar Allah mai jinyar mijinta ta miƙa wa ɗanta katin banki ya sayo magani. Za ta raɗa masa lambar sirri ke nan, sai ya ce, "Umma, bar shi, wannan ɗora shi kawai ake yi." Da ya fita ta juyo gare ni: "Sista, to in ya faɗi a hanya fa?"

Tambayarta ce ta sa na ɗauki alƙalami yau.

Ku duba katinku. In kun ga alamar 'yan layuka huɗu masu lanƙwasa, irinsa ne. A cikinsa akwai 'yar siririyar eriya da ke magana da na'urar POS idan an kusantar da shi kamar santimita huɗu. Mutanen Legas sun saba da irin wannan, domin da katin Cowry suke shiga motocin BRT da jirgin ƙasa na Blue Line.

A matsayina na ma'aikaciyar jinya, ina son abin. Hannu nawa ke latsa madannan POS ɗin kantin magani a rana, wani da mura, wani daga banɗaki? Ga layi yana saurin tafiya.

Sai dai duk wanda ya tsinci katin, kamar kuɗi ya tsinta. A ƙa'idar da Babban Bankin Najeriya ya fitar a watan Yunin 2023, ana iya biyan har naira 15,000 a lokaci ɗaya, da jimillar naira 50,000 a rana, ba tare da lambar sirri ba. Ga mai jinya, wannan kuɗin magani ne na kwanaki.

Don haka kada a bar kati ƙarƙashin matashi a ɗakin marasa lafiya, inda masu dubiya ke shiga da fita. A tabbatar saƙon banki yana shigowa waya. A nemi lambar toshe kati tun yau, a rubuta, a koya wa iyayenmu tsofaffi. Rigakafi dai ya fi magani.

Ku kuma fa, kun taɓa biya da irinsa? Ina jiran labarinku a ƙasa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.