Filin Jirgin Sama Na Dutse

Wani malamin makaranta ya aiko mini da takarda daga Haɗejiya, yana tambaya ko akwai tsammanin kamfanonin jiragen sama su buɗe sababbin hanyoyi zuwa filin Dutse. Ya ce shi dai ya gaji da yin sammako zuwa Kano duk sa'ad da ya ke son zuwa Abuja. To, malam, ga abin da na gani, in na yi kuskure masu karatu su gyara mini.

An buɗe wannan fili a 2014, zamanin Gwamna Sule Lamido, kuma alhazan Jigawa sun sha tashi daga nan zuwa Ƙasa Mai Tsarki. Wannan abin godiya ne ƙwarai. Amma aikin hajji sau ɗaya ne a shekara, shi kuwa mai jirgi lissafinsa na kullum ne. Ko jirgi ya cika ko bai cika ba, sai ya sha mai, sai an biya matuƙa, an biya kuɗin sauka, ga kayan gyara kuma da dala a ke sayo su. Kujerar da ta tashi ba kowa a kanta ta zama hasara, ba ta da ranar biya. Saboda haka kyan gini ba shi ne ke jawo su ba, mutane su ke ƙidayawa.

Babban abin da ya tsare wa Dutse gaba kuwa shi ne Kano. Tun 1925 jiragen sojan Ingila uku suka sauka Kano daga Masar, a 1936 kuma Imperial Airways ya fara kawo wasiƙu daga Hartum. Watau Kano ta riga Dutse da kusan shekara 90, ga shi tsakaninsu tafiyar awa biyu ce a mota, ko ƙasa da haka. Mutumin Kazaure fa, in zai tafi Dutse sai ya ratsa ta Kano. Ashe wa zai wuce rijiya a ƙofar gida ya tafi neman ruwa wata unguwa?

Na ji waɗansu suna cewa kaya ne za su raya filin, suna ambaton riɗi da zoɓorodo. Ni dai ban yarda ba. Waɗannan kaya ne masu jimirin ajiya, ba su gaggawa, shi ya sa a ke kai su Ikko a zuba a jirgin ruwa, zoɓorodo ma har Meziko. Kuɗin jirgin sama sai ya cinye ribarsu duka.

Inda na ke ganin haske shi ne ƙaramin jirgi mai farfela, irin ATR 42, wanda kujerunsa ba su kai 50 ba. Boeing 737 na son mutum fiye da 100, ina Dutse za ta samo su kowace safiya? Amma ma'aikatan gwamnatin jiha, da malaman Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, da fataken kasuwar Maigatari, in aka haɗa su za su iya cika ƙaramin jirgi zuwa Abuja sau biyu ko uku a mako. Sharaɗi ɗaya ne, a tsai da rana kada a saɓa. Ni kaina na taɓa kwana a wani ƙaramin fili domin an soke tashi ba sanarwa, tun daga ran nan na koma mota. Gwamnati kuma ta iya yi wa kamfani alkawarin sayen kujeru kaza na ma'aikatanta, har mutane su saba.

Ina roƙon masu karatu na Gumel da Ringim da Birnin Kudu su rubuto mini: sau nawa suka tafi Abuja bara, kuma ta wace hanya? Malamin Haɗejiya kuwa, a yanzu dai kada ya sayar da agogonsa mai ƙararrawa. Haza wasalam.