Benin: Sabuwar Dokar Aiki Da Makomar 'Yan Dako

Idan ba mu manta ba, kafin babban taron ƙasa na 1990 da ya kawo mulkin farar hula a Jamhuriyar Benin, gwamnati ce uwa uba wajen ba da aiki. Da baitulmali ya bushe a ƙarshen mulkin sojan Mathieu Kerekou, har ma'aikata suka yi watanni ba albashi a 1989, sai matasa suka fantsama cikin kasuwanni da sana'ar acaba, wadda can suke kira zemijan. Yau fiye da kashi 80 cikin 100 na masu neman abinci a ƙasar ba su da takardar ɗaukar aiki, alhali asusun fansho na CNSS an gina shi ne domin mai albashin wata.

Gwamnatin Patrice Talon da ta hau a 2016 ta taɓa ɓangarorin biyu, amma ba da sauri ɗaya ba. A 2017 aka yi dokar da ta ba mai kamfani damar sabunta kwantiragin wucin gadi sau nawa ya ga dama, aka kuma ƙayyade diyyar kora. A 2018 aka taƙaita yajin aiki zuwa kwana 10 a shekara. Waɗannan duk sun fara aiki nan take. Shi kuwa shirin ARCH, wanda ya yi wa talaka alkawarin inshorar lafiya da bashin jari da horo da fansho, sai a 2019 aka soma gwajinsa a wasu ƙananan hukumomi, kuma da ɓangaren lafiya aka fara. Ƙarin mafi ƙarancin albashi daga sefa 40,000 zuwa 52,000 a 2023 abin yabo ne, sai dai ɗan dako ba albashi yake ɗauka ba.

A nan ne abin ya shafe mu. Lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma sa'ad da aka toshe gadar Malanbil da Gaya bayan juyin mulkin Nijar na 2023, masu lodi da yaran mota da masu sayar da abinci a tasha sun wayi gari ba aikin yi, ba kuma wani asusu da zai ba su ko sisi. Adashi da 'yan'uwa da iyayen gidansu na kasuwa, wato mu, su suka ɗauki nauyin.

A ganinmu, fanshon da zai amfani mutanen kasuwa shi ne wanda ake zubawa kullum ko mako-mako ta waya, kamar adashi, kuma wanda ɗan Kamba ko ɗan Gaya mai aiki a Malanbil zai iya karɓa a garinsu idan ƙarfi ya ƙare. Ya kamata shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu su kai wannan buƙata gaban hukumomin ƙasashen uku.