Sharhi: Ƙarafa masu tsada a ragowar uraniyom



Tun 1971 ake haƙar uraniyom a Arlit, an kuma daɗe ana kai shi Faransa yana ba da wutar lantarki. In ya yi 'yan shekaru cikin tukunyar tashar nukiliya ƙarfinsa ya ragu, sai a fitar da shi. A cikin ragowar nan akwai ƙarafa uku da babu wanda ya zuba su: ruteniyom, rodiyom da faladiyom. Tsagewar ƙwayar uraniyom ce ke haifar da su, kuma ana samun 'yan kilo a kowane tan. Rodiyom ɗin nan shi ake sa wa a salansar mota don rage gubar hayaƙi, kuma a 2021 farashinsa ya ninka na zinariya fiye da sau goma.

To me ya hana a kwashe su? Gubar nukiliya. Ta ruteniyom takan ragu da rabi kusan kowace shekara, haƙuri na maganinta. Wani kaso na faladiyom kuwa sai ya yi shekara miliyan 6.5 kafin rabinta ta tafi, duk da cewa mai rauni ce. Shi ya sa a masana'antar La Hague da ke Faransa kamfanin Orano ke cire uraniyom da fulutoniyom kawai, ya narka sauran cikin gilashi ya adana. Har yau babu masana'antar da ke kai waɗannan ƙarafa kasuwa, bincike ake yi.

Binciken nan shi ke damuna, domin ba mu cikinsa. Mu mutanen Diffa muna gani man Agadem na bin bututu ɗanye zuwa gaɓar teku a Benin tun 2024, ribar tacewa ta wasu ce. A watan Yunin 2025 gwamnati ta karɓe kamfanin haƙar uraniyom na SOMAIR, to amma wa zai riƙe ɗakin gwaji? Ga kuma tarin sharar da mahaƙar uraniyom ta COMINAK ta bari kusa da Arlit bayan rufe ta a 2021, iska na kaɗa ƙurarta, ita ma masana take jira.

Muna da hukumar makamashin nukiliya ta HANEA, muna da cibiyar nazarin nukiliya a Jami'ar Abdou Moumouni. Duk yarjejeniyar uraniyom da za a sa wa hannu nan gaba, da Rasha ko da wani, a rubuta ƙarara yawan ɗaliban kimiyyar sinadarai da za a horar, kuma a ware wa Jami'ar Diffa gurabenta.

Mu kwana nan, sai wani jiƙon.