WA YA AUNA RUWAN FADAMAR ILLO?

Jama'a, a taron ƙungiyarmu na makon jiya, da na miƙe na ce ina so in rubuta kundina a kan kalmomin ruwa da na ƙasa da manoman fadamar Illo ke amfani da su, sai wani ɗan'uwa daga bayan ɗaki ya ce, "Malam, ka yi ɓatan kai, Sashen Labarin Ƙasa yana can gaba." Aka kwashe da dariya. Ban tanka ba a ranar, don shugaba ya ce lokaci ya ƙure. To, ga amsata, gare shi da masu taya shi dariya.

Ga wanda bai sani ba, Illo tana ƙaramar hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, a hayin Kwara, dab da iyakar Jamhuriyar Benin. Kwara tana cika sau biyu a shekara. Akwai farin ruwa, mai laka, na daminarmu, wanda kan kai maƙura wajen Satumba. Akwai kuma baƙin ruwa da ke tasowa daga duwatsun Gini, ya ɓata watanni a fadamun Mali, sannan ya iso mana cikin hunturu. Wannan babban ruwa yana da masu tsaronsa. Hukumar Kogin Kwara ta ƙasashe tara tana Yamai tun 1980, ana auna shi a Jidere Bode, ana auna shi a Kainji. Madalla.

Amma a daminar 2020, da ambaliya ta cinye shinkafar Kebbi, har rediyo ya yi ta kiran sunan Kwara, ruwan da ya fara shiga gonar kawuna ta baya ya ɓullo. Wata 'yar ƙorama ce da ke gangarowa daga tudu, wadda da rani akuya ke tsallake ta. Dare ɗaya ta sha kan dashe. Wa ke auna wannan ƙorama? Ba kowa.

Sai bara wani abokina mai karatun injiniya ya kira ni ɗakinsa, ya nuna mini taswirar yankinmu a kwamfuta, ja da shuɗi da kore, gwanin kyau. Wai ya lissafa yawan ruwan da zai malalo cikin kowace fadama in an yi ruwan sama kaza. Na ce, "Yaushe ka je Illo?" Ya ce ai ba sai an je ba.

Kada a ɗauka ina raina wannan ilimi. Ilimi ne na gaske, tushensa kuma ba wuya. Milimita 1 na ruwan sama a kan hekta 1 lita 10,000 ne. Wani ƙasa ta shanye, wani rana ta ɗauke, saura ya malala zuwa kwari. Aikin mai lissafi shi ne ya gano nawa ne sauran nan. Mu ɗauka tudu mai hekta 200 yana zubar da ruwansa cikin fadama mai hekta 20, aka kuma yi ruwa milimita 60 a dare guda. In kashi 10 cikin 100 ya malalo, ruwan da zai kwanta a fadamar santimita 6 ne, shinkafa ta sha ta gode. In kuwa rabi ya malalo, santimita 30 ke nan, bisa wanda yake kwance tun da, sabon dashe ya nutse. Watau arziki da tsiyar manomi duk suna rataye ga lamba ɗaya.

To, ina abokina ya samo tasa lambar? Daga jadawalin da hukumar kiyaye ƙasar noma ta Amurka ta fitar a 1954, wanda aka gina a kan awon ƙananan gonakin can. Shi ne har yau a cikin manhajoji irin su SWAT, wadda aka ƙera a Texas. Jadawalin ya kasa ƙasa gida huɗu, ya ce mai yashi ita ta fi shan ruwa. Haka ne, in jigawa ce. Amma kowane yaro a garinmu ya san fako. Fako ma yashi gare shi a ƙarƙashi, sai dai bisansa ya yi ɓawo ya daskare, ruwa na sauka yana zamewa kamar a kan kwanon rufi. Taswirar abokina ta shafa wa jigawa da fako launi guda. Hausa ta raba su tun kafin a haifi kakan kwamfuta.

Ruwan saman da ya zuba cikin lissafin kuwa, rabi daga tauraron ɗan'adam, rabi daga ma'aunin Yelwa, mai nisan fiye da kilomita 100 daga gare mu. Alhali mu mun san hadari kan sauka a gonar wani ya tsallake ta maƙwabcinsa. Taswirar tudu da kwarin kuma kumbon Amurka ne ya ɗauke ta a 2000, kowane ɗigo nata faɗin mita 30, kuskurenta a tsayi yakan kai mitoci. A fadama kuwa taƙi ɗaya ke raba gonar da za ta tsira da wadda za ta nutse. Kunyar da manomi ya tayar da garma tana juya ruwa, kwalbatin da aka sa ƙarami yana tare shi, duk kumbo bai gan su ba. Uwa uba, lissafin ya ɗauka ƙorama tana da hanyar fita kullum. A Satumba in Kwara ta cika ta tokare bakin ƙorama, ruwan ba ya da inda za shi, sai ya komo baya.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne an riga an yi wannan aiki kusa da mu. Masana na hukumar Faransa da a da ake kira ORSTOM sun yi shekaru suna auna ƙananan ƙoramu a Nijar da Burkina Faso da Benin. A 1965 Rodier da Auvray suka fitar da hanyar lissafin ambaliyar irin waɗannan ƙoramu na Afirka ta Yamma. A 1989 Casenave da Valentin suka rubuta littafi sukutum a kan ɓawon ƙasar Sahel, watau fakon nan namu. Bayan farin shekarun 1970 da 1980 an kuma gano abin mamaki: ruwan sama ya ragu, amma malalar ruwa ta ƙaru a wurare da yawa, saboda itatuwa da ciyawa sun tafi, ƙasa ta daskare. Duk da Faransanci aka rubuta. Mu kuwa gara mu haye teku mu aro lambar Amurka, da mu haye Lolo mu tambayi maƙwabta. Ruwa dai bai san kwastan ba.

Yanzu na dawo kanmu, 'yan Sashen Hausa. Shekara nawa muna cika kanta da kundaye a kan salon mawaƙi wane da jigon littafi kaza? Ban ce a daina ba, ni ma ina son waƙa. Amma in harshe ne sana'armu, da wane dalili kirarin sarki ya zama Hausa, sunan ƙasar da ke ci da sarkin ya zama Labarin Ƙasa? Laka, tabo, marmara, fako, jigawa, tafki, rafi, kwazazzabo, kowace kalma bayani ce a kan yadda ruwa ke yi in ya sauka a wurin. A Illo ma ba Hausa kaɗai ba, akwai Kyangawa da Dandawa da Busawa da Fulani, kowa da nasa sunayen. Injiniya ba a koya masa zama gaban tsoho ya yi tambaya ba. Mu an koya mana, har jarrabawa ake mana a kai. Tsohon nan zai nuna maka a jikin kuka inda ruwan 2012 ya tsaya, da inda na 2020 ya tsaya. Wannan awo ne, da shi ake gwada lissafi a ga ko gaskiya ya faɗa. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Malamanmu, ku yi mini afuwa in na yi tsauri. Roƙona ɗaya ne: a yarda ɗalibin Hausa da ɗalibin injiniya su fita fili tare, a yi musu maki tare.

Ni dai na fara. Da hutun da ya wuce na kafa gwangwani mai miƙaƙƙen baki bisa turke a gonar kawu, na ba ƙanena rula da littafi ya riƙa rubuta zurfin ruwa kowace safiya. Kawu ya dube ni ya ce, "Ɗan boko, gwangwani ɗaya ka sa? Ai ruwan da ke cin gonar nan ba nan yake sauka ba. Kai wani can bisa fako." Na kai.