Bogota: Birnin da ya sa lokacin masu kula da iyali cikin taswirarsa

Galibin birane an tsara su ne don mai fita aiki da safe ya dawo da yamma. Matar da ke kai yaro makaranta, ta wuce da tsohuwa asibiti, ta biya kasuwa, ba ta cikin wannan lissafi. Bogota, babban birnin Kolombiya, ya yi ƙoƙarin gyara hakan.

Alƙaluman hukumar birnin sun nuna mata kusan miliyan 1.2 ne ke shafe yininsu suna kula da yara, tsofaffi da masu buƙata ta musamman ba tare da albashi ba. A watan Oktoban 2020, magajiyar gari Claudia López ta buɗe cibiyar kulawa ta farko a Ciudad Bolívar, unguwar talakawa da ke kan tsaunuka. Ana kiran tsarin Manzanas del Cuidado.

Dabarar ita ce tara hidimomi wuri guda, inda za a isa da ƙafa cikin minti 20 ko ƙasa da haka, kuma a gudanar da su lokaci ɗaya. Yayin da ma'aikata ke kula da yaro ko tsoho, injin wanki na aikinsa kyauta, ita kuma matar tana ajin kammala sakandare ko koyon sana'a. Masu tsarin sun gane cewa buɗe aji ba ya amfanar wadda ba ta da wanda za ta bar wa majinyacinta. Akwai kuma motocin da ke kai hidimar yankunan karkara, da darussan koya wa maza aikin gida.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne matakin siyasa. An shigar da cibiyoyin cikin babbar taswirar birnin ta 2021, wadda ta tanadi guda 45 zuwa 2035, sannan majalisar birni ta mayar da tsarin doka a 2023. Da López ta sauka, magajinta Carlos Fernando Galán ya ci gaba da shi.

Tsarin bai sauke nauyin daga wuyan mata ba, kuma ɗorewarsa na hannun kasafin kuɗi. Amma ya kafa ma'aunin da ya dace masu zaɓe a Kano ko Kaduna, inda ake auna gwamna da yawan gadojin sama, su riƙe: awa nawa aikin gwamnati ya rage wa mai jinya da mai goyo?